Fuskar Baba a Bangon Asibiti

Lokacin da nake koyar da zane a wata sakandare a Tambuwal, na tsinci wani tsohon littafi cike da fuskokin da Jamusawa suka sassaƙa a katako suka buga da baƙar tawada. Idanu a zurme, kumatu a kwashe, haɓa kamar bakin fartanya. Bayanin ya ce duhun na nufin baƙin ciki, kaifin layukan kuma fargabar yaƙi. Na haddace tsaf, ina zuba wa ɗalibai kamar ni na ƙago shi.

Da hutu na je gida Fakku, na zaunar da Baba a gindin rumbu na zana shi, na sassaƙa a allo, na buga a takarda. Baba mutum ne mai kumatu da yawan dariya, gero bai taɓa yanke masa ba, ga shanu. Amma ni littafin nake kallo, ba shi ba. Na zurma masa ido, na kwashe kumatun. Hularsa kawai na bari, da tabon ƙahon bijimi a goshi.

Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ga bugun.

"Malam, ai yunwar karkara ce ka fito da ita ƙiri-ƙiri!"

Bai tambayi mai fuskar ba, ni ma ban faɗa ba. Yabo ya kumbura mini kai, na ba shi kyauta.

Bayan damina na ɗauko Baba a babur zuwa asibitin da abokin nan ke aiki a Kebbe, saniya ta taka shi. Muna shiga sai ga fuskar a bango, an ƙara mata girma, an rubuta gargaɗin yunwa a ƙasa. Wani ƙazami har ya tofa mata goro. Mutanen garinmu biyu na kan benci, sun gane tabon, sun sunkuyar da kai. Baba ba ya karanta boko, sai ya sa wani ya karanta masa. Na ji ƙyamar abokin nan, na ji ƙyamar littafin, amma ƙyamar kaina ta fi.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Kai kay yi wanga?"

"Ni na, Baba."

"Hwaɗa mini, yaushe kat taɓa kwana da yunwa gidana?"

Na yage takardar a gabansu. Abokina ya matso a hankali ya ce ai tuni an buga da yawa, an raba wa sauran ƙauyuka.