Kalmar da Baba Ya Zaɓa wa Karensa

Baba hedimasta ne mai ritaya, kuma da ya rasa ɗaliban da zai sa wa ido, sai ya koma kan kare. Karenmu na farko, ɓarayin awaki ne suka jefo masa nama mai guba ta kan katangar gidanmu a Kagoro. Baba ya binne shi da hannunsa, ya ce na biyun ko ƙashi ba zai taɓa ba sai da izininsa.

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya zai ajiye kwano ya ce, "Zauna." Kare ya zauna yana dalalar da miyau har sai ya ji kalmar da za ta sake shi. Zaɓen kalmar nan ya ci wa Baba mako guda, kamar mai neman sunan jika. Na ce a sa "to". Ya harare ni ta saman tabarau.

"To nawa kike faɗi a rana? Ai ko ɓarawo ya iya to."

Mama ta ce a sa "amin", tunda abinci ne. Ya ce ashe kullum a tsakiyar addu'ar safe kare zai ruga kan kwano. A ƙarshe ya ɗauko wata kalma daga yarensu, yana faɗinta ƙasa-ƙasa, a sunkuye kusa da kunnen karen. Mama 'yar wajen Godogodo ce, yarenta daban, don haka da Hausa aka rene mu, Turanci kuma a makaranta. A yaren Baba gaisuwa kaɗai na iya. Ban taɓa tambayarsa kalmar ba, na ɗauki abin rigimar tsufa ce kawai.

Shekara huɗu ba wanda ya ba karen abinci sai shi. Wata safiya Baba ya faɗi a baranda da kwanon a hannu. A asibiti a Kafanchan aka ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Kwana uku ban leƙa gida ba. Da na zo ɗaukar kaya, maƙwabciyarmu ta tare ni.

"Karen ku bai ci komai ba fa. Na sa mishi tuwo, yana kallo na kawai."

Na kawo kifi. Na kawo naman da ko mu ba mu samu ba a watan. Ya zauna a gindin mangwaro, idonsa a kan bakina. Na ce "to", na ce "ci", na ce "amin", na juya Turanci. Na lallashe shi, na daka masa tsawa, har na kai masa duka, Allah ya gafarta mini. Ruwa kawai yake sha. Likitan dabbobi ya ce yunwa za ta koya masa hankali, na yarda don ina son in yarda. Muka ɗura masa kunu, ya amayar. A raina haushin Baba nake ji, mutumin da ke kwance ba ya iya ɗaga cokali, ina cewa ya kulle sirrinsa ya jefar da mabuɗin.

Da aka sallamo Baba, haƙarƙarin karen ana iya ƙirgawa. Muka zaunar da Baba a baranda, na ajiye kwano. Baba ya buɗe karkataccen bakinsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Kare ya miƙe kunnuwa, ya dube shi, ya ci gaba da jira. Sau uku Baba ya gwada, sannan ya juyar da kai. Kafin makon ya ƙare na binne karen a gindin mangwaro kusa da na farko.

Bayan wata biyu yayar Baba ta zo dubiya daga gidanta na gindin dutse. Ta dama masa fate, ta ajiye a gabansa, ta faɗi wata gajeriyar kalma da yarensu tana gyara zani. Baba ya saki cokali. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna gindin mangwaro, hawaye na zuba.

Na ce, "Gwaggo, me kika ce?"

"Ma'anarta, ci abinka, yaro. Haka maman mu ke ce mana in tuwo ya sauka." Ta dube ni da mamaki. "Ke ba ki sani ba? Kowa a unguwan mu ya sani ai."

Daga gidanmu zuwa nata, minti goma ne a kan babur.