Tayil ɗin Goggo Fusae

Duk wanda ya yi firamare a garinmu na Wenlock ya ci abincin hannun Fusae Kuwahara, don shekara talatin da ɗaya ta yi tana girki a kicin ɗin makarantar. 'Yar ƙaramar mace ce, kunnenta na hagu ba ya ji sosai, saboda haka takan karkato kai idan ana yi mata magana, kamar mai tuhumar abin da ake faɗa. Ba ta taɓa aure ba. Kowa Goggo yake ce mata, har fararen yaran da ba su haɗa komai da ita ba.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka manna takardar nan a jikin turakun lantarki, a bazarar 1942, ana tsakiyar yaƙi da Japan. Takardar ta ce duk mai jinin Japan ya haɗa abin da hannunsa zai iya ɗauka, ya hallara a tashar jirgin ƙasa cikin kwana shida. Mahaifinta yana da gonar tuffa a bakin rafi, wadda ya sare dajinta da hannunsa. Sai dai a lokacin doka ta hana wanda aka haifa a Japan mallakar ƙasa, don haka sunan maƙwabcinsa kuma amininsa, Arvid Lindqvist, ke jikin takardar gonar. Shekara goma sha huɗu suna haka, ba wanda ya taɓa jin kansu. Arvid ne ya kwashe su a cikin a-kori-kurarsa ya kai su tasha. Fusae ta gan shi da idonta yana share hawaye da hularsa, yana ce wa mahaifinta gonar na nan tana jiransa, ko reshe ɗaya ba zai bari a taɓa ba.

Shekara uku suka yi a tsare a wani sansani cikin hamadar Idaho, a bayan waya mai ƙaya, su biyar a ɗaki ɗaya na katako. A can ciwon ƙirji ya ɗauke mahaifiyarta. Da aka sake su, suka dawo da buhun kaya da tokar gawar mamaciyar da aka ƙone a cikin gwangwani, suka zarce gona kai tsaye. Arvid ya fito ya tsaya a ƙofar gidan da mahaifinta ya gina, ya shafa wa idonsa toka ya ce takarda ta nuna gonar tasa ce, in akwai mai ja ya tafi kotu. Mahaifinta ya rusuna masa kamar yadda ake yi wa baƙo, ya kama hannun ƙaramin ɗansa suka juya. Sauran rayuwarsa ya ƙare ta yana yi wa mutane yankan ciyawa da gyaran furanni, kuma ya kafa wa 'ya'yansa doka cewa kada ya ji maganar gonar a bakin kowa, ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Fusae ta riƙe wannan doka fiye da shekara sittin. Ta yi jinyar mahaifinta har ya rasu. Da ƙanenta ya mutu a hatsarin mota ya bar yaro ɗan shekara shida mai suna Glenn, ita ta ɗauke shi ta raine shi, ta yi masa wanki da guga har ya gama jami'a ya zama malamin tarihi. A makaranta kuwa jikokin Arvid sun sha miƙo mata faranti, ta zuba musu daidai da na kowa.

Tana da shekara saba'in da biyar Glenn ya zo mata da maganar bango. An kafa kwamiti, shi ne shugaba, za a lulluɓe bangon tsohuwar tashar da tayil na yumɓu, kowane gidan da aka kwashe ya yi nasa da hannunsa, da zane da 'yan kalmomi. Ta ce ba ruwanta, a bar matattu su huta. Ya dawo da mako ya zagayo, ta sake korarsa. A zuwa na uku ya zauna a kicin ɗinta yana cin curin shinkafar da ta ajiye masa, ya ce mata shirun da suka yi shi ya sa yaran yanzu ke tsammani hutu aka kai su.

Ta karkato kai ta dube shi. "Kai da ko wandonka ba ka iya ɗaurewa sai na ɗaure maka, yau kai za ka koya min magana?"

Ya yi dariya ya ce ai a wurinta ya koya.

"To ji nan. In na buɗe baki, abin da ya faru zan faɗa. Ba za a ƙara min ba, ba za a rage min ba."

"Goggo, ko wasali ɗaya aka taɓa, ki cire ni daga cikin 'ya'yanki."

Duk hunturun nan, kowace Alhamis takan hau bas zuwa rumfar mai zanen da kwamiti ya ɗauko, wata mata mai suna Renata. Yatsun Fusae sun riga sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, sau huɗu tayil ɗin yana lalacewa tana sakewa. Tsofaffin da suka zauna sansani tare suna ta zana duwatsu da tsuntsaye da lambunan da suka shuka a cikin rairayi, suna tsokanarta wai motar da take zanawa ta fi kama da kwaɗo. Ko a jikinta. Ta zana a-kori-kura da mutum biyar a baya, a ƙasa ta rubuta layi biyu da tsinke. Na farko: Maƙwabcinmu Arvid Lindqvist ya kai mu tasha da motarsa, yana kuka. Na biyu: Da muka dawo ya hana mu gonarmu. Ranar da ta gama ta koma gida ta yi barcin rana, abin da ba ta saba ba.

Abin da ba ta mayar da hankali a kai ba shi ne, tsohuwar tashar ta daɗe da zama wurin ajiyar tuffa na jikokin Arvid, kuma su suka ba da bangon.

Aka buɗe bango wata Asabar a watan Mayu. An kafa rumfa, 'yan mata sun buga manyan ganguna, masu jawabi suka yi ta maimaita kalmar juriya har ta gundure ta. Glenn ya ambaci sunanta a lasifika, ya ce ita ce uwarsa da ubansa, jama'a suka tafa. Da aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon, ta bi shi a hankali da sandarta tana neman nata. Ta same shi a tsakiya, daidai tsayin ido, wurin da ya fi ko'ina kyau. Ga motar, ga mutum biyar, ga layin farko da irin rubutunta. Layi na biyu babu shi. An sake yin tayil ɗin ne gaba ɗaya, an kwaikwayi hannunta har da karkacewar haruffa, inda layin yake an zana reshen tuffa mai fure.

Tana nan tsaye wani dogon bature mai jan gemu ya matso ya kama hannunta da nasa biyu. Ta gane shi, jikan Arvid ne, yana yaro ba ya cin wake. Idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce mahaifiyarsa ta sha ba su labarin yadda kakansu ya tsaya wa maƙwabtansa a lokacin da kowa ya juya musu baya, amma bai taɓa zaton za a karrama shi haka ba. Ta lura da gaske yake, bai san komai ba. Ta bar masa hannun har ya gaji ya saki.

Ba ta jira cin abinci ba. Glenn ya biyo ta har tashar bas, yana tafe yana bayani. Ya ce manyan gidan Lindqvist sun ga hoton tayil ɗin, sun ce ko a cire layin ko su janye bangon. Ya ce gida sittin da uku ne suka zuba ransu a aikin, wasunsu ba za su ga baɗi ba, ba zai iya rushe musu saboda layi ɗaya ba. Ya so ya gaya mata, ya rasa ta inda zai fara.

Ta tambaye shi me ya sa bai cire tayil ɗin gaba ɗaya ba, ya bar gurbin a buɗe.

Ya yi tsuru-tsuru, ya ce su suka nemi a bar layin farko.

"Wato da hannuna ka sa na gode masa." Ta gyara riƙon sandarta. "Arvid dai da ya tashi cin amanarmu, a ƙofa ya tsaya ya dubi idon Baba ya faɗa. Kai kuwa tafi ka sa aka yi min."

Bas ta zo, ta hau, ya tsaya yana kallo.

Bayan kwana biyu Renata ta zo gidanta da tayil na ainihi a naɗe cikin jarida. Ta ce an gaya mata Goggo ce ta amince da gyaran, shi ya sa ta yi. Fusae ta karɓa, ta ba ta shayi, ba ta ga laifinta ba. Tsofaffin abokan zamanta na sansani kuwa suka rarrabu. Wasu suka ce Glenn bai kyauta ba, wasu suka zo har gida suna ba ta baki, wai bango ya yi kyau, kada ta tona abin da zai ɓata zaman gari. Wannan ya ƙona mata rai kusan kamar na Glenn, don duk cikinsu babu wanda bai san abin da Arvid ya yi ba.

Daga nan ta tsiri wata al'ada. Kowace Asabar takan ɗauki kujerar naɗewa ta je ta zauna a gindin bangon. In baƙo ya tsaya yana karanta tayil ɗinta, sai ta ce masa akwai saura, ta faɗa masa layi na biyu, ta yi shiru. Wasu su tambaye ta ƙarin bayani, wasu su yi murmushi su matsa, suna zaton rikicin tsufa ne. Jikan Arvid ya ji da kunnensa sau ɗaya, ya tsaya kamar an dasa shi, daga ranar ya koma shiga ta ƙofar baya. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya gyara bangon. Bazara biyu ta yi tana zuwa kafin gwiwoyinta su hana ta hawa bas.

Glenn bai daina zuwa gidanta ba. Yakan kawo cefane, ya share mata ƙanƙarar ƙofa, ya kai ta ganin likita. Takan amsa gaisuwarsa, ta ce masa sannu da aiki kamar yadda za ta ce wa ɗan aike, iyakarta ke nan.

Tana da shekara tamanin ta kwanta ciwon ajali. Wata rana da hantsi Glenn ya ja kujera kusa da kunnenta mai ji, ya ce, "Goggo, ki yafe min." Ta daɗe tana kallon silin, har ya yi zaton ba ta ji ba. Can ta ce ya buɗe mata taga, ɗakin ya yi zafi. Ya tashi ya buɗe. Bayan kwana tara ta rasu.