Na Sa Shi Ya Faɗi Abin Da Ya Gani

Lokacin yaƙin basasa ina da shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen Sabo ta Ibadan, ina aikin jinya a wani asibiti, ɓangaren masu taɓin hankali. Da yake ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci, ni nake yi wa likitanmu tafinta. A unguwa kuwa likita ake ce mini, ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi.

Likitan namu mutum ne mai yawan karatu. Akan aiko masa da mujallun aikinsu daga ƙasashen waje, in ya ajiye in ɗauka. A ciki na karanta wata sabuwar hanya, wai wanda ya ga abin firgici ya haɗiye, idan aka sa ya ba da labarin yana maimaitawa, tsoron yakan sake shi. Na ga likita ya gwada a kan mutum biyu, sun kuma samu sauƙi. Abin da ban kula da shi ba shi ne watannin da yakan kwashe yana hira da mutum kafin ya taɓa wurin ciwon. Ba a jima ba aka tura shi duba sojojin da suka ji rauni.

Ana nan sai wani Alhaji mai fataucin goro, aminin mahaifina, ya tare ni bayan la'asar a kan maganar ƙanensa. Ƙanen direban babbar mota ne, sojoji sun karɓe motar da shi a ciki, ya yi wata bakwai yana kai kaya bakin daga. Ya dawo ba ƙwarzane a jikinsa, amma magana ta ɗauke, kuma da mota ta yi ƙara sai ya durƙusa ya toshe kunne. Gaskiyar da nake jin nauyin faɗa ita ce, a lokacin ya fara samun sauƙi da kansa. Yakan zauna a rumfar goro yana tsince ruɓaɓɓe, ya koma sallar jam'i, yana cin abincin matarsa. Alhaji dai ya ƙosa ya ga ya koma tuƙi, ya tambaye ni ko a kai shi asibiti. Na ce kada a ja masa sunan mahaukaci, ni zan yi aikin a gida.

A zauren Alhaji muka zauna da ƙanen, shi ma Alhajin yana gefe, abin da likita bai taɓa yarda da shi ba. Kwana uku ina tambayarsa me ya gani. Ran na biyu ya roƙe ni don Allah in bar abin da Allah ya rufe. Na ce masa maruru ba ya warkewa sai an matse. Ran na huɗu ya buɗe baki. Ya ce wata rana sun shiga wata siririyar hanya cike da masu gudun hijira, yawanci mata da kaya a ka, sojan da ke gefensa ya ɗora masa bindiga a wuya ya ce kada ya taka birki. Bai taka ba, motar ta bi ta kansu. Ya ce har yanzu yana jin abin a tafin hannunsa, yadda sitiyari ya riƙa tsalle. Ni kuwa na ce ya maimaita, don haka na karanta. Ya maimaita. Alhaji ya miƙe yana salati ya fice. Sai ƙanen ya ɗago ya dube ni, ya ce to ga shi ya faɗa, yanzu ya zai yi da shi? Na ce ya sha ruwa, gobe ma ci gaba.

Alhaji ba mugu ba ne. Ya je wajen wani malami neman fatawa kan kaffara, daga nan magana ta fita. Kafin mako ya zagayo, masu zama a rumfar goro sun ragu, gaisuwa ta koma daga nesa. Ni ma kunya ta hana ni komawa. Ranar Juma'a ƙanen Alhaji ya yi wanka ya fita masallaci, bai dawo ba. Mun bi unguwar Mokola, mun bi tashoshin mota da tashar jirgin ƙasa, an ba fatake saƙo har Arewa. Shiru.

Matarsa ta aiko a kira ni, ta yi mini magana daga bayan ƙofa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi tana so ta san abin da na yi masa, don kwana biyu kafin in fara zuwa ya yi wa 'yarsu dariya. Shekara huɗu ta jira kafin a raba auren.

Da likita ya dawo na kwashe komai na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba a farke ciwo sai da allura da zare a hannu, kuma abin da marar lafiya ya faɗa amana ce. Na ƙara shekara talatin a aikin, an ce na taimaki mutane da yawa, amma babu wanda ya rage mini nauyin wannan.

Ku matasa masu aikin lafiya, sabon ilimi alheri ne, amma abin da kuka karanta jiya kada ku gwada shi yau a kan ɗan mutane ba tare da na gaba da ku ba. In mutum ya ce ku dakata, ku dakata. Kafin ku sa wani ya buɗe cikinsa, ku tabbata kun san abin da za ku ce masa in ya gama. Ni na tsufa ina roƙa wa direban nan gafara, ban ma sani ba ko addu'ar mamaci ta kamace shi ko ta mai rai.