Sunan Ɗan Fari

A ƙofar gidan yari a Dutse, wata dattijuwa tana tsaye a layin masu ziyara, rungume da ƙwaryar fura ɗaure da tsumma. Ƙafafunta sun yi futu-futu. Da alama daga wani ƙauyen Jahun ta fito, kuma ba wannan ce ƙofar farko da ta yi cigiya ba.

"Inna, wa kike nema?" in ji gandiroba.

"Yaron nan nawa. Dogo ne, yana da tabo a goshi."

"Dogaye ai sun yi yawa a ciki, Inna. Sunansa za ki faɗa."

Ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne ke nan. Tun ranar suna kunya ba ta bar bakinta ya kama sunan ba, kullum akwai mai kira mata shi. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ko za ta ga idon sani. Babu.

Gandiroba ya fara kallon na bayanta.

Sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce a hankali, kamar mai neman gafara, "Habibullahi."

"Ɗaga murya, Inna, ban ji ba."