Rabin Fuskar Nasiru a Wayar Inna

Shekara biyar ke nan da muka kai Nasiru makwancinsa a Furana, amma har yau in na ji wani ya ce "ara mini wayarka," shi nake tunawa. Allah ya jiƙansa.

Ni da shi muka kafa shafin intanet na ƙungiyar manoman garinmu, inda ake sanar da isowar taki da ranakun taro. Sana'armu ɗaya, hali ne ya bambanta. Ni in shafi ya zauna daidai a kwamfutata, na gama. Shi kuwa a nan aikinsa ke farawa. A wurin biki, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, sai ya bi mutane yana aron waya ya buɗe shafin, har 'yan kasuwar Ikara suka laƙaba masa Ara-Mini. Hujjarsa ita ce kowace burauza, wato manhajar buɗe shafi, da irin idonta. Hoton da wannan ta rage ya shiga allo, waccan sai ta bar shi ya fita gefe, sandar jan shafi zuwa gefe ta ɓullo a ƙasa. Wutsiya yake kiran sandar nan. Yakan ce, "Kabiru, in ka ga wutsiya, akwai abin da ya fi ƙarfin allo. Nemo shi za ka yi, ba yanke ta ba."

A makon jiya ƙungiya ta ce a buɗe masa shafin tunawa, da babban hotonsa a sama. Na haɗa, sai ga wutsiya. Maimakon in bi sawun abin da ya jawo ta, na rubuta layi guda na ɓoye ta. A kwamfutata da babbar wayata komai tsaf. Na tura wa jama'a, aka yi ta sa mini albarka.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na je gaishe da Inna, mahaifiyarsa. Bayan na tambayi ƙafarta, ta tambayi iyali, sai ta ɗauko 'yar wayar da shi ya saya mata. An buɗe mata shafin tun safe. Nasiru ɗan fari ne, ko yana raye Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma kallonsa a gaban mutane. Ta miƙo mini, ta kawar da kai.

"Abokin naka, rabinsa kuka sa?"

Na duba. Kunne ɗaya, ido ɗaya, gefen hula. Na sa yatsa in jawo sauran, ya ƙi motsi, domin ni da hannuna na toshe hanyar. Da na bar sandar nan, duk muninta, da Inna ta ja ta ga ɗanta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar nake tambayar kaina me zai ce da mu yau. Shafuka sun yi kyau, matasan Makarfi da Kudan sun shigo sana'ar, amma kowa a wayarsa mai tsada yake gwaji, mun manta masu ƙananan wayoyin da dominsu aka fara. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Hannu kawai zai miƙa.

Gyaran ba wani abu ba ne. Faɗin hoton da na ƙayyade da lamba, shi na sake ya bi girman kowane allo, wutsiya ta ɓace da kanta. Amma ban ƙara yarda da idona ba. Na bi majalisa ina aron waya, har wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Ara-Mini ya bar magaji ke nan?" Ni dai na san ban kai ba. Sai dai in akwai abin da ya rage na Nasiru, wannan roƙon ne.

Na koma wurin Inna, na buɗe mata shafin na ajiye wayar a kan tabarma. Ba ta ɗauka ba. Ta ce, "Je ka randa ka sha ruwa, ka sha rana."

Ba ƙishirwa nake ji ba. Amma na je, na kuma daɗe a bakin randar.