Wandon Matiyas

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa kashe wa mutum sana'arsa da hannuna ba, kuma don ƙauna na yi.

A shekarar 1992 ina aiki da wata ƙungiyar ƙwallon hannu a gefen Lyon, kusa da Minguettes inda nake zaune. Ni ne mai kula da kayan 'yan wasa, in wanke, in shanya, in jera wa kowa nasa a ɗakin canza kaya. Wanki da guga gadon gidanmu ne a Damagaram, kuma ina alfahari da shi fiye da kima.

A shekarar aka kawo mana Matiyas, mai tsaron gida daga Sloveniya, dogo kamar falwaya, Faransancinsa bai kai nawa ba. Gwajin wata uku aka ba shi. In ya ci, a ba shi kwantiragi, ya samu takardun kawo matarsa da 'yarsa. In ya faɗi, ya koma. Shi kaɗai ne cikin 'yan wasan yake naɗe kayansa masu datti kafin ya miƙo mini, shi ya sa ya shiga raina.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mai tsaron gida a ƙwallon hannu dogon wando yake sawa da riga mai dogon hannu, launinsu daban da na kowa. Aikinsa kuwa ɗaga ƙafa ne har saitin kunne, cikin ƙiftawar ido.

Wasan ƙarshe na gwajinsa a Paris ya faɗo, kuma shugaban ƙungiya da kansa zai je ya gani. Na ce a raina wannan babbar rana ce, kuma a wurinmu ba a fita babbar rana da kaya laɓe-laɓe. Na dama sitaci mai kauri irin na shaddar Sallah, na tsoma wandonsa da rigarsa, na goge su har kari ya fito kamar wuƙa. Don kada a ce na yi rabin aiki, har na canjin ma na yi musu.

Muka isa Paris. Matiyas ya zaro wandon daga jaka, ya ajiye a ƙasa, wando ya tsaya da ƙafafunsa. Ya sa shi da ƙyar, ya gwada ɗaga ƙafa, sai ƙara kamar ana yaga kwali, ƙafar ko gwiwa ba ta wuce ba. Saura minti ashirin a fara, kuma babu wani kaya mai launin da aka rubuta wa alƙalin wasa.

Na shimfiɗa wandon a benci, na samu kwalbar ruwa na shiga bugu irin na masu bugun shadda. Ya ɗan yi laushi, amma ya ƙara sheƙi. Haka na tura bawan Allah fili yana walƙiya yana ƙaras-ƙaras, 'yan kallo suna nuna shi.

Kafin hutun rabin lokaci ƙwallo ta yi ta wuce shi ta ƙasa. Ina zaune a ƙarshen benci, ba abin da nake gani a zuciyata sai matarsa da 'yarsa. Da aka tafi hutu, mai horarwa ya shigo ɗaki fuska ja, ya tsaya a kaina, ya ce in faɗa masa wanda ya sa ni wannan hauka kafin ya sallame ni.

Matiyas ya riga ni magana.

"Ni na sa shi. A ƙasarmu haka masu tsaron gida suke yi."

Mai horarwa bai taɓa zuwa Sloveniya ba, balle ya musa. Ya yi ƙwafa ya juya.

Da aka koma, gumi ya jiƙa sitacin ya zama kamar koko, ƙafa ta samu hanya. Inda ƙafa ta kasa kuwa, fuskarsa ya riƙa tarawa. Ba mu ci wasan ba, amma shugaban ya ce mutumin da ya iya tare ƙwallo cikin irin wannan kaya ba a sakinsa. Aka ba shi shekara ɗaya.

Ranar Litinin na same shi na ce ya yafe mini, ba zan ƙara ba. Ya girgiza kai, hancinsa a kumbure.

"Baba Isufu, dole ka ƙara. In ka daina, za su gane ƙarya na yi. Amma don Allah ka rage kauri."

Haka ya buga kakar nan gaba ɗaya cikin sitaci, yana ƙaiƙayi, don kada in rasa aikina. Wasu ƙananan masu tsaron gida ma suka fara neman a yi musu irin na Sloveniya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku tambayi mutum abin da jikinsa yake buƙata kafin ku girmama shi irin na gidanku. Kuma kada ku raina wanda ke tsaye a bakin raga. Sana'arsa ke nan, wani ya yi kuskure, shi ya tara fuska.