Tagar sallama a zauren Baba

Akwai wata safiya a Dapaong da ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Yanzu ma idan na tuna ta ina tuƙa tuwo, sai in ji ina dariya ni kaɗai a madafa.

Mahaifina malami ne a zangon Dapaong, kuma mai masauki. Tun muna yara fatake masu wucewa Cinkassé a gidanmu suke sauka. Shi ne farkon zama a zaure, kowane baƙo ta gabansa yake bi, shi yake nuna masa ɗaki, ba ya tashi sai baƙon ƙarshe ya fita. Da tsufa ya zo sai ido ya yi rauni. Abin da ya fi ci masa rai shi ne takardun karatu da marigayi mahaifinsa ya rubuta da hannu, waɗanda kullum yake dubawa bayan walaha. Tabarau ya daina amfani. Ya taɓa gwada wayar wani jikansa, yatsansa ya zame, hoton 'yan ƙwallo ya fito, yara suka yi ta dariya. Daga ranar ya naɗe takardun a gafaka, ya ce bayan Salla zai bai wa wani malami a Mango. Da ƙanwata ta gaya mini a waya, kuka na yi.

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, a lokacin tana koyon rubuta manhajar kwamfuta a nan Sokodé. Ta ɗauki hoton takardun nan ɗaya bayan ɗaya a wata ziyara da muka kai, ta ce za ta haɗa wa kakanta abin da zai nuna su da manyan baƙaƙe, fari a kan baƙi, da maɓalli biyu kawai, gaba da baya. Ni karatuna iyakarsa lise, wato sakandare, amma ina son tambaya. Ina tsince wake tana bayani. Ta nuna mini wani layi a can saman rubutun manhajar ta ce, "Mma, wannan shi ne Aplikasiyon. Kafin a buɗe ko taga ɗaya a allo, sai an fara kafa shi, kuma guda ɗaya ne tak. Duk maɓallin da aka taɓa, shi ne yake karɓar saƙon ya kai wa tagar da ta dace. In an rufe tagar ƙarshe, sai ya tashi, komai ya ƙare."

Na ce, "To ai kakanki ne wannan a zaure."

Ta yi dariya har ta kusa kifar mini da faranti. Daga nan muka riƙa ce masa mai masauki.

Ana gobe za mu tafi Dapaong ta nuna mini aikin, ya yi kyau, amma wani abu ya tsaya mini. Kana kunnawa sai shafi ya faɗo maka, babu ko gaisuwa. Na ce mata ba a shiga wa dattijo haka. Ta ce, "Mma, inji ne fa." Na ce injin ma daga gidana zai fita. Sai ta ƙara wata 'yar taga a farko mai ɗauke da sallama da manyan baƙaƙen ajami, wadda in ya danna maɓalli ya amsa, za ta rufe, karatu ya buɗe. Ta nuna mini sallamar ta fito, muka yaba, daidai nan mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya iso da buhun doyar Kparatao da za mu kai tsaraba, ta rufe kwamfutar muka shiga ɗaurin kaya.

Da muka isa, Baba bai so gwajin ba. Sai da jikar tasa ta durƙusa tana yi masa wasan da suka saba. Ya ce, "Amaryar tawa, in abin nan ya sa yara suka sake yi mini dariya, na sake ki." Ta ce, "Malam, wa zai kwashe ka in ba ni ba?" Ya ce sau ɗaya zai gwada, ba ƙari. Kowa ya san Baba, in ya ce sau ɗaya, to sau ɗaya ne.

Zaure ya cika, har da direbobin manyan motoci biyu da suka kwana a gidan. Aka ɗora kwamfuta a kan akwati a gabansa. Sallama ta fito, ya matso da fuskarsa, ya karanta da kansa, ya amsa da ƙarfi kamar mutum ne ya shigo. 'Yata ta kama yatsansa ta ɗora a kan maɓalli. Ya danna. Wani abu ya yi walƙiya, sai komai ya ɓace, allo ya koma yadda yake.

Ta sake kunnawa ta danna da kanta, haka aka yi. Na ga gumi a goshinta. Baba ya fara laluben sandarsa. Ni kuwa salati kawai nake yi a zuci, ina kallon gafakar nan a gefensa.

Sai ta dafe kai ta ce, "Wayyo! Mma, sallamarki ce!" Ta juya wajen kakanta ta bayyana masa cewa a cikin injin akwai mai masauki irinsa, wanda ba ya tashi sai baƙon ƙarshe ya fita. Ita kuma ta sa tagar sallama ta rufe kafin ta karatu ta shigo, shi ya sa ya duba ya ga zaure babu kowa, ya naɗe tabarmarsa.

Baba ya ajiye sandar. Ya ce, "To ai bai yi laifi ba. Wa ya koya miki sallamar baƙo kafin na bayansa ya shigo? Tarbiyyar Sokodé ke nan?" Direbobin suka fashe da dariya, wannan karon ba shi ake yi wa ba. Ya ce, "Gyara. Wancan bai shiga lissafi ba, tunda laifin amarya ne."

Layi biyu ta sauya wa wuri, na ƙasa ya koma sama. Sallama ta sake fitowa, ya sake amsawa cikakkiya, ya danna.

Rubutun kakana ya cika allon, kowane baƙi kamar yatsa. Baba ya kai hannu ya shafa gilashin, ya ce, "Ga inda tawadarsa ta ɗiga." Sai ya fara karantawa da muryar nan da na taso ina ji, yana danna gaba da kansa, hawaye na bin gemunsa. Ƙanwata ta saki guɗa daga cikin gida. Ni da na yi niyyar riƙe kaina a gaban mutane, mayafina ne ya sha wahala. Kokon da aka kawo na karin kumallo ya huce, babu wanda ya tuna da shi. Da ya kai ƙarshen babin ya ɗago ya ce, "A gaya wa malamin Mango ya yi haƙuri." Ya kuma ce wa jikar tasa, "Zamanki ya ɗore."

Mun bar masa kwamfutar. Har yau in ya kunna sai ya amsa sallamar, in ya gama kuma ya ce, "Mai masauki, a huta."

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda yake zaune yana karɓar kowa yana kai shi inda ya dace, shi ne yake riƙe da gida, ko da ba a ganin aikinsa sai ranar da ya tashi. Na girma a gaban irin wannan mutum ban lura ba, sai da 'yata ta nuna mini shi a cikin inji. Tun daga lokacin ban ƙara raina zamana a tsakar gida ba, kuma duk wanda ya yi mini sallama, ina amsawa da kyau. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya.